Saƙon Da Ban Karanta Wa Baba Ba

Sallama gare ku masu bibiyata, har da baiwar Allahn da ta rubuto a ƙasan rubutuna na baya cewa wai na cika son ubana, kamar ni kaɗai ce mai uba a duniya. 'Yar uwa, na gani, kuma ban ji haushi ba. Gyara zama kawai, yau za ki ji inda son ya kai ni. Waɗanda yau suka fara leƙowa kuma, ga ni a taƙaice: shekarata ashirin da huɗu, babana kansila ne a majalisar garinmu, ina da wanda nake so, a gidanmu kuma ko ambatonsa aka yi sai an ɓata rai. Abin da zan faɗa muku yau ko Umma ba ta sani ba.

Aikina a gidanmu karatun waya ne. Shekara biyu ke nan da yanar ido ta rufe wa Baba gani. Mutum sai dai ya gan shi inuwa-inuwa, rubutu kuwa ko na allon talla ne ba ya iya karantawa. Mun ɓoye wa mutanen gari. Baba ya ce ranar da 'yan adawa suka ji, sun sami waƙar da za su yi ta rerawa har zaɓe mai zuwa. Don haka kullum da safe, da ya ajiye kofin shayi, sai ya gyara zaman tabaraunsa da ba ya tsinana masa komai, ya miƙo mini wayar.

"Sakatare, a buɗe ofis."

Sai in ɗosana a hannun kujerarsa in fara. Sunan mai saƙo tukuna, sannan saƙon, kalma bayan kalma. Mai kukan famfon layinsu ya ƙafe, mai neman a sa baki ɗansa ya sami aiki, mai zagi tsagwaronsa. Har zagin nake karantawa, don dokar ofis ɗin ke nan: ba a tsallake komai. In na gama ya faɗi amsa ina rubutawa, yana yi mini gyara da kunne.

"Kin sa waƙafi bayan 'ranka ya daɗe'?"

"Baba, saƙon waya ne fa."

"Wayar ce ta hana waƙafi? Sa."

Ku yi masa uzuri, malamin makaranta ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi a firamaren da ke ƙarshen layinmu kafin ya yi ritaya. Har yau in na rufe ido wancan Baban nake gani: farar riga mai gajeren hannu, jan biro biyu a aljihun gaba, ƙurar alli har gashin gira, ni kuma a bayan kekensa na rungume jakar littattafai, ƙafafuna a ware yadda ya koya mini don kada taya ta kama su. Bayan azuzuwan akwai fili, babba. Baba ne ya kawo tsarin cewa duk ajin da zai bar makarantar sai ya dasa itace ɗaya a bakin filin, ya kuma raine shi kafin ya tafi. Awaki sun cinye da yawa, goma sha bakwai suka tsira. A filin nan na koyi tuƙa keke, tabon na nan a gwiwata ta hagu. A nan samari ke ƙwallo, a nan tsofaffi ke shimfiɗa tabarma in zafi ya kore su daga ɗaki, a nan mata ke tsayawa a yi gulmar da aka fasa yi a gida.

Akwai shekarar da wani uba ya kawo mana zakara, ƙato, ya ce a duba masa yaro a jarrabawa. Umma har ta gama yanka albasa a zuciyarta. Baba ya ɗaure zakaran a bayan keke, a wurin zamana, ya mayar da shi har gidan mutumin, ni kuma na bi shi a ƙasa ina kuka. Ba tafiyar ce ta sa ni kuka ba, naman ne. A shekarar nan dai wata tsohuwa ta ajiye mana ƙwai biyar a bakin ƙofa, ba ta ce uffan ba ta juya. Baba ya kwashe hutu guda cur yana koya wa jikanta lissafi kyauta. Umma ta ce tunda take ba ta taɓa cin ƙwai mai tsadar waɗannan ba.

Siyasa har gida ta zo ta same shi. Bayan ritaya mutanen unguwa suka cika mana ƙofar gida, wai sun gaji da kansilolin da ba a ganinsu sai lokacin ƙuri'a, Malam suke so. Malam ya yarda, amma Malam ko kuɗin buga hoto ɗari ba shi da shi. Ana cikin haka wata baƙar mota ta tsaya a layinmu, wani ƙaton mutum ya fito yana ƙamshi, ya zo gaban Baba ya durƙusa a kan ƙasa da tsadaddun kayansa. Mai Sito ke nan. Duk manyan ɗakunan ajiyar kaya da ke kan babbar hanya nasa ne, da motocin da ke shiga suna fita. Tsohon ɗalibin Baba ne.

"Malam, kai ka koya mini rubuta sunana," in ji shi. "Ka bar ni in rubuta naka a bango."

Kafin mako ya zagayo fuskar Baba ta cika gari. Mota mai lasifika, riguna masu hoto, man zirga-zirga, abincin wakilai ranar zaɓe, duk daga aljihu ɗaya. Baba ya ci. Bayan an ci kuma alherin bai tsaya ba. Kujerunmu na katako, masu matasan da Umma ta ɗinka da ragowar yadi, aka fitar da su aka shigo da na fata masu santsi, waɗanda in ka zauna da gumi sai sun riƙe ka. Firiji ya zo. Tankin ruwa ya zo. Aka sauya mana kwanon rufi da ya shekara goma yana yoyo a daidai kan gadona. Ban ce ban ji daɗi ba, ni ma ina shan ruwan sanyi. Amma wallahi wani lokaci nakan yi kewar robar da nake tarawa in ana ruwa, da ƙarar ɗigon da ke sa ni barci.

A shekara ukun nan Mai Sito bai taɓa neman komai ba. Wannan shi ne abin alfaharin Baba. "Yaron nan ko allura bai taɓa roƙona ba," haka yake faɗa wa duk wanda ya yi masa shaguɓe. Shi kaɗai ne kuma a waje Baba ya gaya wa maganar idonsa.

To, bari in kawo muku nawa mutumin. A wayata Mai Labarai na sa masa. Yana aiki a ƙaramin gidan rediyon garinmu, dogo ne siriri, rigunansa uku ne na sani kuma duk na san ranar kowace. Shirinsa ba shi da kiɗa ba shi da ihu. Duk Laraba da ƙarfe biyar na yamma zai karanta abin da majalisa ta yanke, sannan ya bi kansiloli ɗaya bayan ɗaya: wane, ya goyi baya, wane, bai goyi baya ba. Shi ke nan. Ba zagi ba yabo. Amma ku shiga kasuwa a lokacin ku gani, har mai niƙa kashe inji yake yi.

A bencin 'yan kallo na majalisa muka haɗu. Ni nake raka Baba, wai 'yar riƙon jaka. Gaskiyar kuwa tun a gida nake karanta masa takardun zama har sai ya haddace, a zaure kuma ya riƙe takarda yana yi kamar yana dubawa. Rannan Baba na jawabi, ashe bakina na motsi ina bin sa kalma da kalma. Da aka tashi Mai Labarai ya matso kusa da ni, bai ko kalle ni ba, ya ce a hankali, "Ki gaya wa Kansila takardar a juye take." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Laraba ta zo na zauna gaban rediyo na kasa kunne. Bai faɗa ba. Wata Larabar ma bai faɗa ba. Da na tambaye shi daga baya, cewa ya yi, "Hannun da ya ɗaga na jama'a ne. Idonsa nasa ne." A wurin na faɗa sonsa, 'yan uwa, ban ko yi jan aji ba.

Sai ga maganar fili. Aka kawo ƙudiri gaban majalisa cewa a sayar wa wani kamfani filin bayan makaranta ya gina ɗakunan ajiya. Ba a rubuta sunan mai kamfanin ba, amma ko yaron goye ya san na wane ne. Kansiloli goma sha ɗaya ne. Biyar sun nuna suna so, biyar sun ce sai dai bayan ransu. Saura Baba, wanda ya kama bakinsa ya yi gum. Aka sa ranar Laraba za a kaɗa ƙuri'a.

Ranar Asabar Gwaggo, ƙanwar Baba, ta faɗo gidanmu. Ta same ni a ɗakin Umma ina goge babbar rigar Baba. Ta wurga mayafinta kan gado, ta buɗe firiji ta ɗauko ruwa, ta sha rabi kafin ta amsa gaisuwata.

"Ke, har yanzu kina tare da ɗan tonon sililin nan?"

"Gwaggo, sunaye kawai yake karantawa."

"Sunaye kawai! Ni ma in na tashi tsine wa mutum ai da sunansa nake farawa."

Umma ta juya baya tana gyara labule don kada a ga dariyarta. Gwaggo ba ta gama ba.

"Ɗana direba ne a wurin Mai Sito, bakin 'ya'ya uku yake ciyarwa. Ruwan nan da na sha, wa ya sanyaya shi? Rufin da ke kanku fa? Ba za mu ci alherin mutum ba sannan mu kwaso mai lasifika mu ce ga suruki. Ki sallame shi tun muna shaida juna."

Na dubi Umma ina jiran ta tare mini. Ta zauna a bakin gado tana murza gefen zaninta.

"Ni ba ruwana da fili, ba ruwana da rediyo," ta ce. "Idon mijina nake so ya buɗe. Jiya cewa ya yi na yi kyau, alhali zanin girki ne a jikina, duk manja."

Ba wanda ya yi dariya a cikinmu. Na ci gaba da guga har na kusa ƙona wuyan rigar.

Washegari da hantsi saƙon Mai Labarai ya shigo.

Shi: Kin karya, ko ofis ya hana?

Ni: Na karya. Gwaggo ta ce in sallame ka.

Shi: Ki ce mata ina gaisuwa. Mako mai zuwa iyayena za su zo ganin Kansila, ko ta wane gefe hannunsa ya faɗa. Amma ki sani, yadda ya ɗaga haka zan karanta.

Ni: Karanta mana. Mutumin da ya dasa itatuwan kake tunanin zai sa a sare su?

Shi: Ban ce komai ba.

Ni: Ka ma ce. Ubana ne fa.

Na tura masa hoton dariya har uku. Ina da tabbas a lokacin, irin tabbas ɗin da nake da shi cewa gobe rana za ta fito.

Litinin da safe aka buɗe ofis kamar kullum. Baba na sanye da farar jallabiya, ƙafarsa ɗaya a kan ɗaya, rana ta shigo ta taga ta kwanta a gwiwarsa. Na karanta na mai famfo. Na karanta na wata mata da ta ce in aka sayar da fili ba ta yafe ba. Na uku na Mai Sito ne. Idona ya riga bakina isa ƙarshensa, kuma ga shi nan yadda yake, don har yau ban goge ba:

"Malam, likita ya ba da ranar Alhamis don aikin idonka, na gama da asibiti. Ranar Laraba kuma ina so in ga hannunka a sama tare da namu. Shekara uku ban tambaye ka komai ba, yau na tambaya. Kada ka manta, Alhamis bayan Laraba take."

Na tsaya ina sake bin layin ƙarshe da ido.

"Sakatare, kin yi shiru. Wane ne?"

"Mai Sito ne."

"To, karanta mana."

"Ya ce... likita ya ba da ranar Alhamis don aikin idonka. Ya gama da asibiti."

Baba ya sauke ƙafarsa. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Shi ke nan abin da ya ce?"

"Shi ke nan."

"Ko kalma ɗaya a kan filin?"

"Ko ɗaya, Baba."

"Allah Ya yi wa yaron nan albarka," ya ce, ya share ido da bayan hannu. "Rubuta masa: na gode, waƙafi, Allah Ya saka."

Na rubuta, na sa waƙafin, na tura.

Na san me za ku ce, ku bari in faɗi nawa. Ni ce nake ganin Baba yana laluben kofi a kan tebur yana yi kamar gyara shi yake. Ni ce na gan shi ya ɗauki jaririn maƙwabta ya kai shi har kan hancinsa yana neman fuskar. Na ce a raina, in ya ji cewa idonsa na rataye da hannunsa, tsoro zai karya shi, kuma ba zan iya kallon hakan ba. Gara ya shiga zauren nan da zuciyarsa wasai, ya ƙi ɗaga hannu kamar yadda na san zai yi, in ya so ranar Alhamis asibiti su ce ba su san da zamanmu ba. Wato na auna idon ubana da sunansa, na zaɓar masa suna, ban ko tambaye shi ba. A lokacin har wani daɗi nake ji, ina ganin kaina jaruma.

Talata bayan la'asar ya ce in raka shi filin. Na sa doguwar riga ruwan toka na yafa ƙaramin mayafi, muka fita, hannunsa a kafaɗata kamar mai jan 'yarsa da hira. Yara na ƙwallo, suka tsayar da wasa suka gaishe shi. Ya bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya yana shafa jikinsu, yana gane kowanne da tafin hannu.

"Wannan na ajin da suka fi kowa surutu ne. Ga shi nan, shi ma ya fi kowa reshe." Ya matsa gaba. "Wannan sau uku akuya na cinye shi. Wata yarinya ce ta kewaye shi da ƙaya, yanzu ita ce babbar ungozoma a asibitin gari."

A na tara ya tsaya. Mangwaro ne, mai kauri, ya ɗan karkata.

"Na ajin su Mai Sito ne. Takalmi ma ba shi da shi a lokacin. Da gwangwanin madara yake ɗebo ruwa tun daga rijiyar masallaci, sawu goma, kafin a buga ƙararrawa." Ya jingina goshinsa da itacen. "Yau ma bai aiko da komai ba?"

"Bai aiko ba."

"Hmm. Yaron kirki."

Muka zauna a kan saiwa har inuwa ta yi tsawo. Ya ba ni labarin ranar da ya fara koyarwa, yadda alli ya karye masa sau uku don rawar hannu, yadda ya ga Umma karon farko ta kawo wa ƙaninta abinci ta katangar filin nan, ya aiki ɗan aji ya tambayo sunanta aka dawo masa da na yayarta. Na yi dariya har da hawaye. Rabon da in ji shi yana hira haka tun kafin zaɓe. Da muka tashi ya juya ya fuskanci filin ya daɗe a tsaye, ni kuma na ɗauka ƙarfin gwiwa yake tarawa.

Laraba ya sa babbar rigar da na goge, fara sol, da hular da ya yi rantsuwar kama aiki da ita. Zauren majalisa ya cika har taga. Fanka ɗaya ce ke aiki, tana juyi tana kuka. Na sami gefen benci na zauna, jakar Baba a cinyata, wayarsa a ciki. Mai Labarai na can gaba da littafinsa da shuɗiyar rigarsa ta Laraba. Ya waiwayo sau ɗaya, na ɗaga masa gira irin na "za ka gani".

Aka yi ta jawabai har kusan ƙarfe uku da rabi. Sannan shugaban majalisa ya buga tebur.

"Masu goyon bayan a sayar da filin."

Hannu biyar suka tashi lokaci ɗaya. Na Baba na kan tebur, a kife. Na saki numfashi, har na fara murmushi. Magatakarda ya fara ƙirga da bakin biro, ɗaya, biyu, uku. Yana kai huɗu na ga yatsun Baba sun motsa. Hannun ya tashi a hankali, bai ma miƙe sosai ba, iyakarsa kunne, kamar na ɗalibin da bai tabbatar da amsarsa ba.

"Shida," in ji magatakarda.

Zaure ya kaure. Daga bayana wani mutum mai furfura a gemu, wanda na san tsohon ɗalibinsa ne, ya miƙe ya ce, "Malam, har da kai?" Bai ɗaga murya sosai ba, amma na san Baba ya ji, don kunnensa ba abin da ke wuce shi. Mai Labarai ya sunkuyar da kai yana rubutu. Bai waiwayo ba, ya tattara littafinsa ya fita.

Muka jira har mutane suka watse. Na kama gwiwar hannun Baba muka sauko matakala, ina matsa masa a kowane taki yadda muka saba. A ƙasa akwai wani benci a lungu, kusa da ɗakin masu shara. Ya ce in zaunar da shi.

"Kin yi shiru, Sakatare."

"Me zan ce, Baba?"

"Ki ce abin da ke ranki. Kin fi mutumin can haƙƙi."

"Don me?" na ce. "Kai fa ka dasa itatuwan nan."

Ya cire hular ya ɗora a gwiwa.

"Shekara uku yaron nan yana yi mini hidima bai buɗe baki ba. Yau ga abin da ya fi so a hannuna, ga idona a hannunsa, amma ya danne, ya yi shiru don kada ya takura wa malaminsa. Ko a saƙon asibiti bai sako maganar ba. Kwana biyu ina juya abin. Na ce mutumin da ya ji kunyata har haka, in na tsaya a gaban jama'a na watsa masa ƙasa a ido, ban san da wane baki zan sake cewa ni malami ne ba."

Jama'a, ban san lokacin da na durƙusa a gabansa ba. Na zuge jaka na ciro wayar.

"Baba, akwai saura a saƙon. Ban karanta maka duka ba."

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata.

"Karanta."

Na karanta, tun daga "Malam" har "Alhamis bayan Laraba take". Wani mai shara ya zo wucewa da bokiti, ya gan mu, ya koma da baya.

"Sake."

Na sake. Wannan karon da ƙyar na kai ƙarshe.

Baba ya ɗaga hannunsa na dama, wanda ya ɗaga a zaure, ya kawo shi kusa da fuskarsa kamar zai iya ganinsa. Ya juya shi gaba da baya.

"Da kin karanta mini wannan ranar Litinin," ya ce, a hankali ƙwarai, "wallahi da a yanke hannun nan ya fi mini sauƙi da in ɗaga shi."

Bai yi mini tsawa ba. Da ma ya yi. Na sha tambayar kaina ko faɗa kawai ya yi don ya sami inda zai jingina laifinsa, ko da ya ji saƙon ma idonsa zai zaɓa. Amma ni na san ubana, kuma zuciyata ta gaya mini gaskiya ya faɗa. Mai Sito da duk dukiyarsa ya yi kuskuren da zai sa ya rasa Baba, ni da hannuna na gyara masa.

"Ƙarfe nawa?" Baba ya tambaya.

Na duba ta cikin hawaye. "Huɗu da minti ashirin."

"Biyar yake farawa ko?"

"Wa?"

"Yaron nan. Naki." Karon farko ke nan da ya kira shi nawa. "Kira mini shi. Da wayata."

"Baba, me za ka ce masa? In saƙon nan za ka ba shi ya karanta wa gari, gobe babu asibiti, kuma Umma ba za ta yafe mini ba. In kuma roƙonsa za ka yi ya tsallake sunanka, ba zai yi ba. In ma ya yi, ni ba zan iya aurensa ba."

"Sakatare." Ya mayar da hularsa, ya daidaita ta da hannu biyu. "Yau ma ke za ki zaɓar mini?"

Na danna lambar. Na haddace ta, ba sai na duba ba. Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, sau uku. A na huɗu ya ɗauka, ina jin hayaniyar gidan rediyo a bayansa.

"Da wa nake magana?" in ji Mai Labarai. "Ke ce, ko Kansila?"

Baba ya miƙo hannu zai karɓi wayar. Ya miƙa shi ta hagu, inda ba kowa, ya buɗe tafin yana jira.